Tsofaffin kibod na tafiya sikelin 'yan gwangwan, mu kuma muna sayen na roba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan abin da na san wasu masu karatu za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba, wato tsofaffin kibod na kwamfuta, masu nauyin nan na shekarun 1980 da 1990 da ake jiyo ƙararsu daga ɗaki na gaba idan ana bugawa. Shafinku na fasaha ya sha kawo bayani kan gyaran waya da haɗa sola, kuma madalla da hakan. To ga wani fannin da yaro mai mitar gwada wuta da ƙarfen narka dalma zai iya shiga ba tare da wani jarin kirki ba. Kayan suna nan jibge a sito-siton ofisoshi, da bayan shagunan masu sayar da kwamfuta 'yar gwanjo, da buhunan 'yan gwangwan. Kullum raguwa suke yi, domin da zarar sun hau sikeli, an yanke wayar an fasa jikin, shi ke nan an gama da su.

Ni da tafireta na fara neman abinci. Na yi aikin buga takardu a ofishin gwamnati, da na ajiye aiki na buɗe shagon buga takardu da fotokwafi a nan Kano. Wanda ya saba yini a kan furojet ɗin ɗalibai da takardun rantsuwa na kotu ba ya bukatar a gaya masa kibod mai kyau, yatsunsa da wuyan hannunsa ne ke ba shi labari bayan la'asar. Irin wanda ake haɗa maka da shi idan ka sayi kwamfuta a yau, in ka kwance shi, shimfiɗar roba guda za ka tarar mai ƙananan tudu-tudu, kowane maɓalli da tudunsa, a ƙarƙashinta kuma ga leda mai zanen layukan wuta. Sai ka danne maɓallin ya kai ƙasa kafin harafi ya fito. Robar nan tana tauri ko ta yage, rubutun da ke kan maɓallan ya goge, wata rana ka nemi E da A ka rasa, sai a jefar a sayo wani. Su kuwa waɗanda nake magana a kansu, kowane maɓalli da nasa sifirin, harafi kuma yana fita tun maɓallin bai kai ƙasa ba, don haka ba sai ka yi ta dukan tebur ba. In ɗaya ya mutu, shi kaɗai za a duba.

Mai son farawa, abu na farko shi ne ya iya gane su a cikin tarkace, domin ba kowane tsohon kibod mai launin madara ne abin ɗauka ba. Yawancin tsofaffin ma na roba ne. Ka ɗaga shi ka ji nauyi. Ka danna maɓalli a hankali kana saurare. Wanda ya fi duka tabbas shi ne ka cire hular maɓalli ɗaya ka leƙa abin da ke ƙarƙashi. Ni ina yawo da 'yar wayar ƙarfe da na lanƙwasa ta zama ƙugiya mai baki biyu, da ita nake zare hula a tsaye ba tare da na karya ƙafarta ba. In ka ga sifirin tsaye a cikin rami, ko wani ɗan kai mai siffar alamar tarawa ta lissafi, ko ɗan akwati mai tsaga a tsakiya, to ka tsaya ka yi ciniki.

Na sifirin a cikin rami, shi ne na IBM, kuma a kansa zan fi daɗewa domin shi na fi sani. Kamfanin IBM na Amurka ya fito da wanda ake kira Model M a 1985, kuma tsarin maɓallansa, da jerin F1 zuwa F12 a sama da kibiyoyi huɗu a gefe da lambobi a dama, shi ne sauran kamfanoni suka bi har yau. Yadda yake aiki abin sha'awa ne. A cikin kowane rami akwai sifirin da ke tsaye a kan ɗan guduma na roba mai tauri. Kana dannawa sifirin yana matsuwa, yana matsuwa, har ya kai inda ba zai iya jurewa ba, sai ya lanƙwashe gefe ya bugi bangon ramin, ƙas! A daidai lokacin gudumar ta tuntsura ta daki ledar da ke ƙasa, harafi ya fita. Wato ƙarar da kunnenka ya ji da saukin da yatsanka ya ji da harafin da idonka ya gani, duk abu ɗaya ne ya haifar da su a lokaci ɗaya. Shi ya sa wanda ya iya bugu ba tare da kallon hannu ba yake gane ya tsallake harafi tun bai duba allo ba. Wani injiniyan IBM mai suna Richard Harris ne ya ƙirƙiro dabarar, aka ba shi rajistar mallakarta a 1978.

Ka juya bayansa, akwai takarda manne mai lambar kaya da ranar da aka ƙera shi, rana da wata da shekara. Lambar da aka fi samu ita ce 1391401, tsarin Amurka ke nan. Mai tsarin Ingila, wanda maɓallin Enter ɗinsa dogo ne daga sama zuwa ƙasa, lambarsa 1391406, kuma irinsa an yi su ne a masana'antar da IBM yake da ita a lokacin a Greenock a Sukotland. In ka ga an rubuta Lexmark kada ka ce jabu ne. A 1991 IBM ya ware sashensa na firinta da kibod ya zama kamfanin Lexmark, suka ci gaba da yi masa. A 1996 su ma suka saki, wani ƙaramin kamfani mai suna Unicomp ya karɓi aikin a garin Lexington na jihar Kentucky. Wanda za ka kiyaya shi ne mai lamba 71G4644. Daga waje ba ka raba shi da sauran, tambarin IBM ne a jikinsa, amma cikinsa roba ce. Cire hula zai raba gardama.

Ciwon Model M ɗaya ne, kuma kusan kowane tsoho yana da shi. Kafin ka biya kuɗi ka girgiza shi kusa da kunnenka. In ka ji ƙananan abubuwa na karakaf a ciki, to kawunan ƙusoshin roba ne suka karye. Cikinsa hawa-hawa ne: farantin roba mai ramukan sifirin a sama, sai shimfiɗa, sai ledojin wuta, sai lanƙwasasshen farantin ƙarfe a ƙasa, wanda shi ne ya sa nauyin ya kai kilo biyu ko ya ɗara. Abin da ya riƙe hawan nan a matse ba noti ba ne, 'yan ƙafafun roba ne da suka ratsa farantin ƙarfen aka narke kawunansu suka baje. Shekara talatin da wani abu, ga zafin sito, sai su bushe su riƙa ɓallewa ɗaya bayan ɗaya. In 'yan kaɗan ne suka tafi, kuma a warwatse, ka ƙyale shi, zai yi aiki. In kuwa sun ɓalle da yawa a gefe guda, za ka ji maɓallan wajen sun yi laushi, ƙarar ta dushe, wasu ma sun daina fitar da harafi.

Maganinsa aikin haƙuri ne. Da farko buɗe jikin ma sai da sokat mai milimita 5.5 mai siririn baki, domin notinan suna can cikin rami mai zurfi, filaya ba ta kai musu. Sai ka cire duk huluna, ka kifa shi a kan katako biyu yadda sifirin ba za su taɓa tebur ba, ka sa kurfi ko reza ka yanke ragowar kawunan, ka ɗage farantin ƙarfen. A nan za ka ga gudumomi sama da ɗari a jere, kowace da sifirinta, kuma in ka yi tari da ƙarfi sai ka tsince su a ƙasa. Ka huda tsakiyar kowace ƙafa da siririn bakin injin huda, ka mayar da hawan yadda ka same shi, ka ɗaure da ƙananan noti masu kaurin milimita biyu. Kada ka ɗaure su tamau. In ka matse da yawa gudumar ba ta samun wurin tuntsurawa, sai maɓalli ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau. A ɗaure kaɗan, a gwada, a ƙara. Wanda aka yi wa wannan aikin ya fi yadda ya fito daga masana'anta ta fuska ɗaya, domin gobe in shayi ya zube a ciki ana iya kwancewa a goge ledar a mayar.

Wajen mayar da hula ma akwai abin lura. Dole sifirin ya zauna a tsakiyar ƙafar hular. In ka danna ka ji shiru, bai zauna ba, ka cire ka ɗan karkata kibod ɗin ka sake sawa. Kada ka ja sifirin da hannu kana cewa za ka miƙe shi.

Model M yana da yaya, Model F, wanda ya zo da kwamfutar IBM PC ta farko a 1981. Bayansa ƙarfe ne, ƙararsa ta fi kaifi, kuma ba leda a cikinsa, fanel ne mai jin kusantowar gudumar. A wajena babu kibod da ya kai shi daɗin bugu. Matsalarsa soson da ke ciki yana ruɓewa ya zama gari, sai an yanka sabo an huda masa ramuka.

Mai kan alamar tarawa kuwa na Cherry ne, kamfanin da Walter Cherry ya kafa a Amurka a 1953, daga baya aikinsa ya koma Jamus. Makunninsa da ake kira MX ya fito a farkon shekarun 1980, kuma launin kan ne ke gaya maka halinsa: baƙi yana sauka sumul ba ƙara, shuɗi yana ƙas-ƙas, ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a hanya ba tare da ƙara ba. Kamfanin ya ce kowane makunni zai jure dannawa miliyoyi da yawa. A nan ma bayan kibod ɗin za ka duba. G80 shi ne abin nema. G81 wani makunni ne daban mai tauri da ba na sha'awa, G83 kuma roba ce zalla. Ana samun G80 a cikin kayan banki da na manyan kantuna, wani har da tsagar goga kati a samansa. Wanda zai fara koyon gyara, da Cherry nake ba shi shawarar ya fara, saboda kayan gyaransa ba sa wuya. Sababbin kibod masu fitilu kala-kala da 'yan wasan kwamfuta ke saye, yawancinsu kwaikwayon MX ne daga Sin, kuma makunninsu yana shiga gurbin na Cherry. Mataccen irin wannan guda ɗaya ya ishe ka ma'ajiyar makunnai.

Na uku shi ne Alps na Japan, mai ɗan akwati da tsaga. Shi ne a cikin Dell AT101 da AT101W, wanda makunninsa baƙi ne, da Apple Extended Keyboard na 1987 da magajinsa na 1990, da wasu na Taiwan irin su Focus FK-2001. Lafiyayyen Alps, musamman shuɗi ko ruwan lemo, yana da daɗin da ba na jin Cherry ya kamo shi. Amma Edita, Alps ba ya shiri da ƙura, mu kuwa a ƙasar ƙura muke. Ginin makunnin yana barin ƙura ta sauka gefen abin da ke zamewa, ta haɗu da ɗan man da aka shafa masa tun daga masana'anta, ta zama dattin da ke cin robar. Wanda ya yi hunturu da yawa a buɗe a sito, in ka danna sai ka ji kamar ana jan takalmi a kan yashi, in kuma ka danna gefen hula sai ta cije ta ƙi sauka. Sa'ar da aka yi, ana buɗe shi daga sama ba sai an narke dalma ba. Tsinken sakace biyu za ka cusa a gefe da gefe su buɗa 'yan kunnuwan da suka riƙe murfin, ka zaro shi. A ciki akwai abin zamewa, da sifirin, da wani siririn ganyen ƙarfe mai ba da ƙara ko tudu, da farantin da ke haɗa wuta. Ka wanke murfin da abin zamewar, ka hure ƙasan, ka bar ganyen nan yadda yake domin in ya lanƙwashe ba ya komawa daidai. Za ka yi haka sau ɗari da wani abu kafin ka gama kibod ɗaya, kuma in ƙurar ta riga ta ci robar, wanki ba zai dawo da shi sabo ba. Saboda haka Alps kam a gwada shi maɓalli-maɓalli kafin a saya, in an kawo gida kuma a ɗinka masa riga. Telan unguwarmu ya ɗinka wa nawa da ragowar yadi. Dell ma yana da na roba da yawa, irin wanda aka rubuta wa QuietKey, kada sunan kamfani ya ruɗe ka.

Inda ake samunsu ba ɓoyayye ba ne. Kwamfutocin gwanjo da ke shigowa ta Legas, su bi ta Alaba da Computer Village na Ikeja su iso shagunan titin Beirut a nan Kano, sukan zo da tarkacen da mai shago bai san yadda zai yi da shi ba, musamman kibod mai kan da ba ya shiga kwamfutar zamani. Akwai tsofaffin makarantun koyon kwamfuta da shagunan buga takardu da suka rufe. Akwai 'yan gwangwan, su ne ma suka fi kowa cin karo da su. A nan ina da magana da 'yan'uwana masu nema: yaron da ya tura kura ya yini a rana ya samo abin, kada ka yi masa wayo don ka san abin da bai sani ba. Ka ba shi fiye da abin da sikeli zai ba shi, ka nuna masa yadda ake cire hula a duba, ka roƙe shi kada ya yanke wayar. Gobe shi zai ajiye maka, har ya kira ka.

Ka kuma duba jerin haruffan. Kayan da suka fito daga Faransa ko Baljiyam, da waɗanda ake samu a wajen 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, layin farko yana farawa ne da AZERTY. Na Jamus kuma QWERTZ, an musanya Y da Z. Wannan ba aibi ba ne ga wanda ba ya kallon hannu, domin kwamfuta ce ke yanke harafin da zai fito gwargwadon tsarin da ka zaɓa mata, rubutun kan hula ado ne kawai. Haka zancen ƙ da ɗ da ɓ yake. Ana yawan tambayata ko tsohon kibod zai buga su. Zai buga mana. Windows yana da tsarin Hausa a cikinsa, ga kuma manhajar Keyman, kuma ba ruwansu da shekarun kibod.

Inda mutane suka fi karaya shi ne wajen jona shi. Mutum ya kai gida, ya sayi ɗan adaftan nan mai arha, ya jona, shiru, sai ya ce ai matacce ne. Sau da yawa lafiyarsa lau. Kawunan iri-iri ne. Akwai babban kai zagayayye mai fil biyar, na zamanin tsofaffin kwamfutocin IBM da ake kira XT da AT. Akwai ƙarami mai fil shida, PS/2, wanda IBM ya kawo a 1987, shi ne wanda raminsa yake da launin shunayya a bayan tsofaffin kwamfutocin tebur. Daga AT zuwa PS/2 yare ɗaya ne, girman kai ne kawai ya bambanta, adafta mara komai a ciki ya isa. Daga PS/2 zuwa USB kuwa yare ya canza, dole sai adafta mai ɗan fanel a ciki da ke yin tafinta. Ɗan guntun nan da ake bayarwa kyauta wayoyi ne kawai aka sarƙa a ciki, an yi shi ne don kibod ɗin da tun asali ya iya yaren biyu. Model M kuma ya fi na zamani jan wuta, wani adaftan ko mai fanel ne ba ya iya ɗaukarsa, sai an canza wani. Kan XT iri ɗaya ne da na AT amma yarensa daban, shi ya sa wasu kibod ɗin suke da ɗan makunni a ƙasa mai X da A, a tabbata yana kan A. Na Apple kuma nasa daban ne, ADB, mai fil huɗu. In kwamfutarka tana da ramin PS/2, ka kashe ta kafin ka jona, ba a yi shi don a riƙa cirewa da sawa tana kunne ba.

Wanda 'yan gwangwan suka riga suka yanke wa waya ma bai mutu ba. Layi huɗu ne kacal ke aiki a cikin wayar AT ko PS/2: wuta mai bolt biyar, da ƙasa, wato layin da wutar ke komawa ta kansa, da layin agogo, da layin saƙo. Akwai ɗan fanel da ake kira Pro Micro mai ƙwaƙwalwar ATmega32U4, ana ɗora masa manhajar Soarer ko TMK, duka kyauta suke a intanet, a jona layukan huɗu, a ɓoye shi a cikin jikin kibod ɗin, wayar USB ta fito ta baya. Da shi har XT ake farfaɗowa, kuma kana iya canza aikin kowane maɓalli. Gargaɗi ɗaya: kada ka yarda da launin waya. Ja a wannan kamfanin wuta ce, a wancan saƙo ce. Ka bi kowace da mita har inda ta sauka a fanel, domin in ka juya wuta da ƙasa ka ƙona ƙwaƙwalwar, ita kuwa ba a sayar da ita a kasuwa.

Wanki ba shi da wuya, amma a nan ake yawan yin ɓarna. Kada ka buɗe shi a ɗaki, domin abin da ya shekara a sito gidan kyankyaso ne, wani har da fitsarin ɓera da ya sa farantin ya yi tsatsa. Ka ɗauki hotonsa da waya kafin ka cire huluna, in ba haka ba za ka tsaya kana gardama da kanka kan inda Scroll Lock yake. Huluna a jiƙa su a ruwa mai ɗumi da ɗan omo, a cuɗa, a ɗauraye, a shanya a inuwa. Ban da tafasasshen ruwa, ban da ranar watan Afrilu, domin dogon maɓallin tazara yana iya bauɗewa. A bar su su bushe sarai, ruwa yana maƙalewa a cikin ƙafar hula, in ya ɗiga cikin ledar Model M sai an yanke ƙusoshin nan kafin a kai gare shi. Fanel da makunnai kuwa buroshin fenti busasshe da sifirit irin na masu gyaran waya. Fetur da kalanzir da tina da man fesawa na sassauta noti, duk a nisanta su, suna cin roba kuma suna riƙe ƙura. Wasu suna damuwa da jikin da ya koma ruwan ɗorawa, har su shafa masa sinadarin da masu gyaran gashi ke amfani da shi su shanya a rana ya yi fari. Yana yi, amma yakan bar dabbare-dabbare, kuma launin yakan dawo. Ni ba na taɓawa. Hulunan IBM ma ba sa canza launi, kuma rubutunsu rini ne da ya shige cikin robar, ba ya gogewa ko an shekara nawa ana bugu.

Sauran cututtukan, mita ce ke gano su. Maɓallin da ke fitar da harafi biyu a dannawa ɗaya, datti ne a bakin haɗuwar wuta, a ɗiga sifirit a yi ta dannawa, in ya ƙi a zuƙe dalmar a sa wani makunnin. In kuwa maɓallai da yawa suka mutu tare, kada ka zargi makunnai. An jera su ne a layuka na tsaye da na kwance, layi ɗaya in ya yanke duk na kansa sun tafi, ko da a ido ba su kusa da juna. Ka nemi inda dalma ta tsage ko tsatsa ta ci layin, ka tsallake wurin da siririyar waya. A kan leda ba a sa ƙarfen dalma, narkewa za ta yi, sai fenti mai ɗaukar wuta. A wanke hannu bayan an taɓa dalma kafin a ci abinci.

Ba zan ɓoye aibinsu ba. Suna cin wuri a tebur. Waɗanda aka yi kafin tsakiyar shekarun 1990 ba su da maɓallin Windows, sai dai ka haɗa Ctrl da Esc. Ga ƙara. Uwargida ta kafa doka cewa ba a buga Model M a cikin gida bayan sallar isha'i, kuma ban ga laifinta ba. Wanda ke aiki a ofis mai mutane da yawa ya nemi Cherry baƙi ko ruwan ƙasa a zauna lafiya.

Sai zancen kuɗi, domin na san shi ne zai fara zuwa ran matasa. Za su leƙa kasuwar intanet ta eBay su ga farashin da ake sa wa wasu a Amurka da Turai su ce an samu hanyar arziki. A yi hattara. Abin da ya kai kilo biyu, kuɗin aika shi waje kaɗai ya isa ya cinye ribar, kuma masu sayen can suna neman mai tsabta ne, mai cikakkun huluna da wayarsa ta asali. Kasuwar da na fi gani ta gida ce: masu buga takardu irina, da sakatarorin kotu, da yaran da ke rubuta manhaja, da marubutan littattafan Hausa da ke buga dubban kalmomi da babban yatsa a kan waya. Na jona G80 da wayar Android ta hanyar adaftan OTG, mai haɗa kayan USB da waya, na ga yana aiki. Wanda ya gyara ɗaya ya ba irin waɗannan su gwada na mako guda, da wuya su dawo masa da shi. Ko ba a sayar ba ma, yaron da ya farfaɗo da kibod guda ya koyi bin layi da mita, da zuƙe dalma ba tare da ɗaye fanel ba, da ɗora manhaja a kan ƙwaƙwalwa, a kan abin da wutarsa bolt biyar ce, ba ta kisa.

Roƙona biyu ne. Masu kula da sito a ma'aikatu da jami'o'i da bankuna, idan za a yi gwanjon tsofaffin kaya, don Allah a ware kibod daban, a bar su da wayoyinsu, kada a haɗa su da karyayyun kujeru a sayar a kilo. Kai kuma Edita, in da hali a ba masu wannan sha'awa ɗan gurbi a shafin fasaha, mai tambaya ya aiko da lambar da ke bayan nasa da hoton abin da ke ƙarƙashin hula, mu da muka ɗan taɓa mu ba da amsa ta hannun jaridar. Ni kaina ina neman hular F7 da ta Pause na Model M, da kuma mataccen Dell AT101 da zan ciri makunnai a jikinsa, ko da jikin a fashe yake.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon mai buga tafireta,
Kano